Fensir

Fensir sanda ce ta katako mai ɗauke da baƙin ma'adini a tsakiya, ana rubutu da zane da ita. Wannan ma'adini sunansa girafait, kuma asalinsa ɗaya da gawayi. Babu darma a cikinsa, ko da yake an daɗe ana zaton akwai.

Tarihinsa ya faro a ƙarni na 16 a Borrowdale da ke arewacin Ingila, inda aka tono girafait mai tsabta, dunƙule-dunƙule, wanda ake iya yankawa sala-sala. Makiyayan yankin sun riƙa yi wa tumakinsu alama da shi. Da yake yana ɓata hannu kuma ba ya da wuyar karyewa, sai aka fara naɗe shi da zare, daga baya aka koma sa shi cikin katako. A 1565 masanin Suwizalan Conrad Gessner ya bayyana irin wannan fensir a rubuce. Darajar ma'adinin ta kai har ana shafe tukwanen zubin harsashin igwa da shi, kuma a 1752 majalisar Ingila ta mayar da satarsa babban laifi.

Fensirin da ake amfani da shi yau yaƙi ne ya haife shi. A 1795, lokacin da Faransa ke faɗa da Ingila kuma girafait mai kyau ya yanke mata, wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté ya niƙa wanda ba shi da tsabta ya zama gari, ya kwaɓa da yumɓu, ya gasa a tanderu. Dabarar ta fi abin da aka nema amfani: idan aka ƙara yumɓu, bakin fensir ya yi tauri, rubutunsa ya yi haske, idan aka rage, ya yi laushi da baƙi. Daga nan aka samo matakan H (mai tauri) da B (mai laushi da baƙi) da ake rubutawa a jikin fensir. Mai zanen gini ya fi son 2H saboda siririn layi, mai zanen hoto kuwa 4B ko 6B yake nema don inuwa. HB yana tsakiya, shi ne wanda ɗalibai ke cike takardar jarrabawar WAEC da shi.

Jamus ma ta yi fice. Kaspar Faber ya fara sana'ar a Stein kusa da Nuremberg a 1761, gidan da ya zama kamfanin fensir na Faber-Castell.

Ingancin fensir a niƙa yake farawa: in tsakuwa ta rage a garin, sai ya riƙa kartar takarda. Bayan gashi ana tsoma sandunan a narkakken kaki don su yi santsi. Sai a shimfiɗa su cikin ramukan da aka fafe a jikin falankin katako, a shafa gam, a kifa wani falanki a kai, a yanka. Katakon wata bishiya mai suna sida (cedar) aka fi so don yana fiƙuwa ba tare da tsagewa ba. In ma'adinin bai zauna daidai tsakiya ba, ko gam bai kama shi duka ba, shi ne fensirin da ke karyewa duk fiƙa.