Fayil ɗin shiyya na DNS da yadda manhaja ke karanta shi

Fayil ɗin shiyya rubutu ne zalla da ke ɗauke da bayanan wani ɓangare na tsarin sunayen intanet, wato DNS: wane adireshi ne ke bayan wane suna, wace na'ura ce ke karɓar imel, kuma waɗanne sabobi ne ke da ikon amsa tambaya a kan shiyyar. An fasalta shi ne don mutum ya rubuta da hannunsa, saboda haka yana cike da gajerun hanyoyi da ke sauƙaƙa wa mai bugawa aiki, su kuma wahalar da manhajar da za ta karanta.

Asali

Kafin DNS, sunayen kwamfutocin ARPANET, hanyar sadarwar da ta gabaci intanet, duka suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda cibiyar bayanai ta SRI a jihar Kalifoniya ke kula da shi a ƙarƙashin Elizabeth Feinler. Kowace cibiya takan ɗauko kwafinsa lokaci zuwa lokaci. Da kwamfutoci suka yi yawa, tsarin ya gaza. A watan Nuwamba na 1983 Paul Mockapetris ya fitar da RFC 882 da RFC 883 (RFC takardun ƙa'idojin intanet ne), inda ya raba nauyin zuwa shiyyoyi, kowace da mai kula da ita. A Nuwamban 1987 RFC 1034 da RFC 1035 suka maye gurbinsu, kuma sashe na biyar na RFC 1035, mai 'yan shafuka kaɗan, shi ne har yau tushen ƙa'idar fayil ɗin.

Wajajen 1984 wasu ɗalibai huɗu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka rubuta BIND, manhajar sabar DNS. Yaɗuwarta ta sa abin da ta yarda da shi ya zama kamar doka, ko da babu shi a takarda. Rubuta lokaci da harafi, kamar 1h na awa guda ko 1w na mako guda, daga BIND ya fito, haka ma umarnin $GENERATE mai samar da jerin layuka masu kama da juna.

Tsarin layi

Cikakken layi yana da gaɓoɓi biyar: sunan mai bayanin, TTL wato daƙiƙoƙin da aka yarda a riƙe amsa kafin a sake tambaya, aji (kamar IN na intanet), nau'i (kamar A na adireshi ko MX na imel), sai bayanin kansa. Misali:

www.example.com. 3600 IN A 192.0.2.1

Da wuya a ga layi cikakke haka. Ana iya barin TTL, ana iya barin aji, kuma idan sun zo tare kowanne na iya gabatar ɗan'uwansa. Layin da ya fara da sarari yana gadon sunan layin da ya gabace shi. Alamar @ tana tsayawa a madadin asalin shiyyar, wato sunanta, kamar example.com. Waƙafi mai ruwa yana buɗe sharhi har ƙarshen layi, baka biyu kuma tana ba bayani guda damar bazuwa a layuka da dama, da sharhi a tsakaninsu.

Shahararren tarko shi ne ɗigon ƙarshe. Sunan da ya ƙare da ɗigo cikakke ne. Wanda bai ƙare da shi ba, sai a liƙa masa asalin shiyyar. Wanda ya manta ɗigon a mail.example.com zai wayi gari da mail.example.com.example.com, kuma manhaja ba za ta ce uffan ba, domin a ƙa'ida bai yi kuskure ba.

Yadda ake karantawa

Yanka fayil layi-layi sannan a raba kalmomi a wurin sarari ba ya isa, kuma nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Aikin yakan kasu mataki biyu. Na farko yana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, yana lura ko yana cikin alamar zance, ko cikin baka, ko cikin sharhi. Waƙafi mai ruwa da ke cikin alamar zance ba sharhi ba ne, kuma bayanan tantance imel na DKIM da DMARC cike suke da shi. Alamar \ tana cire wa harafin da ke binta ma'anarsa ta musamman. Idan lambobi uku suka bi ta, ƙimar bayit guda ce a lissafin goma-goma. Dole matakin nan ya tuna ko layi ya fara da sarari, domin wannan kaɗai ke bambance suna da sauran gaɓoɓi: na'ura na iya ɗaukar sunan MX ko IN, kuma a shiyyoyin in-addr.arpa, masu mayar da adireshi zuwa suna, sunayen kansu lambobi ne masu kama da TTL.

Mataki na biyu yana riƙe da abubuwa huɗu yayin da yake tafiya: asalin da ake kai, sunan baya, TTL, da aji. Umarnin $ORIGIN yana canza asalin a tsakiyar fayil. $INCLUDE yana jawo wani fayil, kuma idan ya ƙare asalin yana komawa yadda yake. Manhajojin da ke karɓar fayil daga baƙi sukan kashe umarnin $INCLUDE, don kada a karanta da shi abin da bai kamata ba. Kowane nau'i da nasa fasalin, don haka RFC 3597 na 2003 ya kawo rubutu na bai-ɗaya ga nau'in da manhaja ba ta sani ba: TYPE da lamba, sai \# da tsawon bayanin.

Akwai iyakoki: gaɓar suna ba ta wuce bayit 63, suna gaba ɗaya 255, kowane zaren TXT shi ma 255. Suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ ana rubuta shi ne da siffar Punycode, wadda ke mayar da shi haruffan Turanci zalla, mai farawa da xn--.

SOA da batun TTL

SOA, wato bayanin da ke fayyace iko da tsarin shiyyar, guda ɗaya ce a kowace shiyya, mai gaɓoɓi bakwai. Ta biyu adireshin imel ne da aka sa ɗigo a gurbin @. Ta uku lambar jeri ce mai bit 32, wadda da yawa ke rubutawa da shekara, wata, rana da lambobi biyu. Ta bakwai an daɗe ana saɓani kan ma'anarta, har RFC 2308 na 1998 ya keɓe ta ga lokacin riƙe amsar "babu wannan suna", ya kuma kawo umarnin $TTL mai ba da TTL ga layukan da ba su da nasu. Tsofaffin fayiloli da ba su da shi, manhajoji ba su haɗu kan yadda za a bi da su ba.

Kayan aiki

Akwai dnspython na Python, Net::DNS na Perl, ldns na NLnet Labs, da named-checkzone da ke zuwa tare da BIND don tantance fayil kafin a ɗora shi. Tinydns na Daniel Bernstein ya ƙi wannan tsari, ya yi nasa dabam.