Gyaran gidan haya a Yamai

Gyaran gidan haya shi ne aikin da mai gida ke yi wa gininsa don ya samu damar ƙara kuɗin wata. A Yamai wannan aiki ya bi sawun tarihin ginin birnin.

Tarihi

Bayan da Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulki daga Zinder zuwa Yamai a 1926, an raba garin biyu: unguwar Plateau ta ma'aikatan gwamnati, sai unguwannin ƴan ƙasa masu ginin laka. Galibin baƙin da suka kwararo bayan samun ƴancin kai a 1960, da waɗanda farin shekarun 1970 da 1980 ya koro daga karkara, sun sauka a gidaje masu ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. Gyaran wancan zamani bai wuce yaɓe kafin damina ba. Daga baya aka shiga shafe laka da siminti da ɗora rufin kwano, sannan ginin bulo ya zo. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe wajajen 1970, ta sa Harobanda, unguwar da ke tsallaken kogin Neja, ta zama wurin haya, musamman ga ɗaliban jami'a.

Abin da ke ɗaga kuɗi

Fenti yana sa gida ya fita da sauri a hannun dillali, amma ba kasafai yake ƙara kuɗin wata ba. Abin da ɗan haya ke biya da daɗin rai shi ne raba shi da maƙwabta: bayan gida a cikin ɗaki, famfo nasa, da mitar NIGELEC (kamfanin wutar lantarki) tasa shi kaɗai, domin rabon kuɗin wuta tsohuwar hanyar rigima ce a gidan haya mai mutane da yawa. Sai maganin zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa ba ya kwantuwa, shi ya sa silin da fanka da manyan tagogi suka fi ado daraja. Tun ambaliyar 2020, a unguwannin bakin kogi irin su Saga da Lamorde ana duba tsayin daɓe da magudanar ruwa.

Farashin siminti ne ke yanke girman aiki. Ana sarrafa shi a Malbaza, cikin jihar Tahoua, ana kuma shigo da wani.

Saɓani

Masu haya na kukan cewa wasu na fakewa da gyara don su tashe su. Masu gidaje na cewa tsadar kayan gini ce.