Waiwaye: Daga Akwatin Rediyo Zuwa Vokal, Yadda Damagaram Ke Jin Labarin Mulki

Ranar 26 ga Yuli 2023, kafin sojoji su bayyana a talabijin cikin dare su ce sun kifar da Bazoum Mohamed, labarin ya gama zagaya fadojin Damagaram. A fadarmu ta Zango, shayin farko bai ko tafasa ba ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, saurari wannan vokal ɗin." Saƙon murya ne na WhatsApp, murya ce ba suna ba gari, tana rantsuwa ta san abin da ake ciki a fadar shugaban ƙasa. Muka yi tsit kamar ana karanta wasiyya.

Mai son gane dalilin da kunnen Badamagare yake saurin kama irin wannan zance sai ya koma baya. Nan ne babban birnin Nijar har 1926, da Faransawa suka kwashe kujerar mulki suka kai Yamai, kilomita wajen 900 daga nan. Tun lokacin mutanen garin Sarki Tanimun suke jin an mayar da su saniyar ware. Ga kuma ƙishirwa. Wanda ya taɓa tsayawa layin famfo da asuba, ko ya bi 'yan ga-ruwa yana roƙo da kuɗinsa a hannu, ya san ba ƙage ba ne. Duk ɗan siyasar da ke neman zuciyar garin nan, wurin nan yake sosawa.

A 1974, da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani, rediyon gwamnati ne ke faɗa, jama'a su ji. Mai son ƙarin bayani ya jira Sashen Hausa na BBC, dattawa a kewaye da akwati guda, ana gyara eriya. Labari yana zuwa a makare, amma an san bakin da ya fito. Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu, daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka ba talaka damar jin muryarsa. A 1993 ɗan garin nan, Mahamane Ousmane, Nafarko, ya ci zaɓe ƙarƙashin CDS-Rahama. Murnar ba ta cika shekara uku ba: ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya karɓe mulki, shi ma aka harbe shi a filin jirgin Yamai a Afrilun 1999.

Tazarce ita ce ta fi tsaya mini a rai, don a ƙofarmu aka buga gangarta. A Oktoban 2008, da Tandja Mamadou ya zo aza harsashin matatar mai, aka ɗaga murya ana roƙonsa ya zarce ya ƙarasa ayyukansa. Hujjar kenan: talakawa ne suka ce, to wace kotu ce za ta hana? Ya rusa majalisar dokoki, ya rusa kotun tsarin mulki, ya yi ƙuri'ar raba gardama a Agustan 2009. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 Salou Djibo ya kawo ƙarshen zancen da juyin mulki. Matatar man nan, SORAZ, ta fara aiki a 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma samarin unguwar Kara-Kara da suka taru a ƙungiyoyin da ake kira pale ba su ga aikin da suka sa rai ba. Da yawansu ƙarfin damtse da sayar da fetur a kwalba a bakin titi suka rage musu.

Sannan waya ta shiga kowane aljihu. Juma'ar 16 ga Janairu 2015 ta nuna mana abin da hakan ke nufi. Ɓacin ran Musulmi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo na gaskiya ne, ga kuma haushin ganin shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, a jerin gwanon Paris na jajanta harin da aka kai wa jaridar. Amma kira ya bi wayoyi da saurin da ya fi ƙarfin malamai da dattawan unguwa. Aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da majami'u, aka rasa rayuka, maƙwabtanmu Kirista suka gudu neman mafaka a garin da aka haife su. Har yau ina jin nauyin ranar.

WhatsApp ya zo da abin da jarida ba ta taɓa yi ba: bai tambayi ko ka yi boko ba. Danna ka yi magana da Hausa, tsohuwa a Mirriya ta ji, ɗan cirani a Kano ya ji. Alheri ne babba, kuma ta nan ƙarya ke bi. Masu mulki sun gane haka. An kafa dokar laifukan intanet a 2019. Bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021, tsakanin Bazoum na Tesker da Nafarko, 'yan jiha ɗaya, an katse intanet na waya kwanaki kusan goma.

Bayan juyin mulkin Janar Abdourahamane Tiani, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ya rufe iyakar Najeriya, hanyar Kano da garin nan ke shaƙar numfashi ta cikinta ta toshe, farashin abinci ya hau. Taken "zancen ƙasa ne" ya samu shiga, domin haushin Faransa tsoho ne a garin da aka kashe sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898. An dakatar da RFI, a Disambar 2024 aka dakatar da BBC wata uku, hukuncin ɗauri kan abin da mutum ya wallafa a intanet ya dawo a 2024, jam'iyyu kuma an rusa su a 2025. Abin da ke damuna shi ne, duk kafar da aka rufe mai suna da adireshi ce, wadda za a iya tuhuma in ta yi ƙarya. Muryar nan marar suna ba wanda ya rufe ta. Jiya ma ɗan ƙanwata ya turo mini wata, ina tsaye bakin ƙofa da jarkoki huɗu ina jiran mai kurar ruwa.