Waiwaye: Yadda likitoci suka koyi amsa tambayar “zai dawo?” a kan kansar tumbi

A ranar 29 ga Janairun 1881, a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, likitan fiɗa Theodor Billroth ya yanke wani ɓangare na tumbin wata mata mai shekara 43 da kansa ta toshe wa mafitar abinci, ya haɗa ragowar da hanji. Wasu likitoci sun gwada irin aikin kafin shi, marasa lafiyarsu ba su tashi ba. Ita kuwa ta tashi, ta ci abinci, har aka sallame ta. Bayan kimanin wata huɗu ta rasu, domin ciwon ya riga ya yaɗu a cikinta. Ke nan tun daga aikin farko da aka ci nasararsa aka gamu da tambayar da dangi ke tare likita da ita a bakin ɗakin tiyata har gobe: an cire, to zai dawo?

Tambayar ba ta tsufa ba. Alƙaluman cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 kusan mutum 970,000 ne suka kamu da kansar tumbi, kimanin 660,000 kuma ta yi ajalinsu.

Da farko ido da hannun likita ne ma'auni. A 1848 Rudolf Virchow na Jamus ya lura cewa kaluluwa mai tauri a gindin wuya ta hagu kan zama shaidar ciwon daji na cikin ciki da ya yi nisa. A 1926 wani Bajamushen, Borrmann, ya kasa ciwon gida huɗu bisa siffarsa, daga mai tsiro kamar naman kaza zuwa mai ratsa bangon tumbi ya sandarar da shi. A 1965 Pekka Laurén na Finlan ya duba ta madubin likita ya ce iri biyu ne: mai taruwa wuri ɗaya, da mai warwatsuwa ɗaiɗai cikin nama. Na biyun ya fi sharri, ya kuma fi samun masu ƙananan shekaru. Har yau ana rubuta wannan rabe-raben a takardar gwaji.

Abin da ya sauya komai shi ne tsarin TNM, wanda Pierre Denoix na Faransa ya tsara tsakanin 1943 da 1952. Tambayoyi uku ne kawai. Ciwon ya nutsa zuwa ina a bangon tumbi? Ya shiga kaluluwar da ke kewaye? Ya tsallaka zuwa nesa, kamar hanta ko huhu? Daga amsoshin ake fitar da mataki, na ɗaya zuwa na huɗu, sai likitan Tokyo da na Landan su fahimci juna da kalma ɗaya.

Tambaya ta tsakiya ce ta fi cin rai, kuma Japanawa ne suka fi kowa dagewa a kanta, saboda ciwon ya addabe su. A 1962 likitocinsu suka fitar da ƙa'idoji na bai ɗaya, suka ba kowane rukunin kaluluwa da ke kewaye da tumbi lamba, tamkar yadda ake sa wa gidajen unguwa. Duk wanda aka yi wa aiki sai an rubuta a wace lamba aka samu ciwo, sannan a bi sawunsa shekara da shekaru. Daga wannan tarin bayanai Keiichi Maruyama na cibiyar kansa ta ƙasa a Tokyo ya haɗa manhajar kwamfuta a shekarun 1980, da labarin marasa lafiya fiye da 3,000. A shigar da shekarun mutum, girman ciwo da wurinsa, ta nemo masu kama da shi ta faɗi inda ciwon ya fi yiwuwa ya ɓuya. A ganina nan ne hasashe na zamani ya faro, kuma ba kwamfutar ce abin yabo ba, haƙurin rubutawa ne.

A 1997 aka sauya ƙa'idar duniya: maimakon wurin da kaluluwar take, sai a ƙirga guda nawa ciwon ya shiga. Tun daga 2010 ɗaya zuwa biyu mataki ne, uku zuwa shida wani matakin, bakwai zuwa sama kuma mafi tsanani. Amma ƙirga yana da tarko. Idan likita guda biyar kawai ya ciro aka duba ba a ga komai ba, za a ce wa dangi ciwon bai yi nisa ba, alhali yana kwance a ta shida da ba a taɓa ba. Mutum ya koma gida da albishir na ƙarya, ƙila ma ba a ba shi maganin da ya kamata ba. Shi ya sa ake son a duba aƙalla guda 16.

Turawa sun daɗe suna shakkar fiɗar Japanawa mai kwashe kaluluwa da yawa. A Holan aka gwada hanyoyin biyu a kan mutum 711 tsakanin 1989 da 1993. Sakamakon farko bai goyi bayan babbar fiɗar ba: kashi 10 cikin ɗari suka rasu sanadiyyar aikin, a ƙaramar kuwa kashi 4. Da an rufe littafi a nan, da hukuncin ya zauna haka. Sai aka ci gaba da bibiyarsu har shekara 15, kuma rahoton 2010 ya nuna cewa ciwon ya sake tsirowa a wurin aikin ga kashi 12 na masu babbar fiɗa, ga kashi 22 na masu ƙarama.

Mataki yana faɗin labarin rukuni ne, shi kuwa maras lafiya labarin kansa yake so. A 2003 Michael Kattan da abokan aikinsa a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York suka fitar da jadawalin maki daga bayanan mutum 1,039: shekaru, jinsi, girman ciwo, zurfinsa, kaluluwa nawa ya shiga da nawa ya bari, kowanne da makinsa, jimlar ta ba da yiwuwar kaiwa shekara biyar. Shekara guda bayan haka cibiyar ta bi sawun mutum 1,172 da aka cire musu ciwon gaba ɗaya. Ya dawo wa kashi 42, kuma kusan huɗu cikin biyar na dawowar a shekara biyun farko ta faru, ko a wurin aikin, ko a hanta, ko a tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. Wannan ne dalilin da likitoci ke matsa wa mutum da zuwa asibiti a shekarun farko ko da yana jin garau.

Daga nan bincike ya koma cikin ƙwayar ciwon. A 2014 wani babban aiki a Amurka ya nazarci samfur 295 ya kasa kansar tumbi gida huɗu bisa ƙwayoyin halitta. Masu nau'in da ake kira MSI, wato wanda ya kasa gyara kurakuran ƙwayoyin halittarsa, sun fi daɗewa a raye, kuma sun fi amsa magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. Yanzu ana gwada neman ɓurɓushin DNA na ciwon a cikin jini bayan tiyata, ana kuma koya wa ƙirƙirarriyar basira karanta hoton ciki don ta hango yaɗuwar da ido bai kama ba.

Sai dai a duba su wa aka ƙirga. Tsarin matakan da aka sabunta a 2017 ya dogara da bayanan mutum 25,411 daga ƙasashe 15, kuma kusan kashi 85 daga Japan da Koriya ta Kudu suke, inda hukuma ke kiran manya lafiyarsu lau a leƙa tumbinsu. Can fiye da kashi 60 na masu ciwon suna kaiwa shekara biyar. A yawancin ƙasashe kashi 20 zuwa 40 ne.

Mu a nan mutum kan shekara yana shan maganin olsa daga kemis, yana rama, abinci kaɗan ya cika masa ciki, sai amai ko baƙin bayan gida ya kai shi asibiti. Ƙwayar Helicobacter pylori da ke haddasa gyambon ciki, wadda aka sa cikin masu jawo kansa a 1994, ta yi yawa a cikinmu ƙwarai. Daga Maiduguri ma likita Holcombe ya rubuta a 1992 yana mamakin yawanta a Afirka tare da ƙarancin kansar da ake gani a asibiti, muhawarar da wasu ke dangantawa da rashin gwaji da rashin ajiye bayanai. Jadawalin da aka gina da mutanen Seoul ko New York ba lallai ya dace da majinyacin Kano ko Maraɗi ba, sai in asibitocinmu sun tara nasu labarin shekara bayan shekara, kamar yadda Japanawa suka yi.

Kafin lokacin, akwai abin da ke hannun dangi. Bayan tiyata ana aika naman da aka cire ɗakin gwaji, kuma takardar sakamakon haƙƙin maras lafiya ce. A karɓe ta, a zauna da likita a tambaye shi zurfin ciwon, kaluluwa nawa aka ciro da nawa ya shiga, da ko bakin wurin da aka yanka ya fita tsaf. Daga waɗannan amsoshin ne zai san ko sai an bi da ƙarin ruwan maganin kansa, da kuma ranar da za a dawo a sake dubawa.