Waiwaye: Tsoron lissafi a aji, daga 1954 zuwa yau

Malaman lissafi na sakandare sun san irin wannan ɗalibi. Jiya ya warware tambayar a littafinsa ba tare da wata matsala ba, yau an miƙa masa alli a gaban aji sai kansa ya kulle, hannu na rawa, bakwai sau takwas ma ta gagara. Da daɗewa ana yi wa irin wannan yaro hukunci guda: ko dai malalaci ne, ko kuma ba shi da kan lissafi.

Wata malama a Amurka, Mary Fides Gough, tana cikin na farko da suka ƙi yarda da wannan hukunci. A 1954 ta rubuta cewa abin da ke kayar da ɗalibai da yawa tsoro ne. Shekara uku bayan haka, Ralph Dreger da Lewis Aiken suka nuna cewa fargabar lambobi aba ce daban da fargaba ta yau da kullum, kuma ba ta da wata alaƙa ta a zo a gani da kaifin basira. A 1972 Frank Richardson da Richard Suinn suka fito da ma'aunin tsoron lissafi mai tambayoyi 98, sannan littafin Sheila Tobias na 1978 ya fitar da zancen daga ɗakunan bincike zuwa bakin iyaye, musamman kan yadda 'yan mata ke guje wa lissafi har ƙofofin sana'o'i su rufe musu.

Sai dai sanin ciwo daban, sanin yadda yake cin jiki daban. Wannan ya jira har 2001, lokacin da Mark Ashcraft da Elizabeth Kirk suka bi diddigin abin da ke faruwa a cikin kai. Duk mai yin lissafi da ka yana da ɗan wurin da yake ajiye lambobi na ɗan lokaci, kamar ƙaramin allo. Idan za ka cire 28 daga 63, a nan kake riƙe ɗayan da ka aro har ka gama. Yaron da tsoro ya kama, rabin allon nan ya cika da "za su yi mini dariya" da "lokaci zai ƙare". Ilimin yana nan, wurin shimfiɗa shi ne babu. A 2012 kuma Ian Lyons da Sian Beilock na Jami'ar Shikago suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan tsoro, suka ga sashen da ke da alaƙa da jin zafi yana motsawa lokacin da suke jiran tambayar, ba lokacin da suke aikinta ba.

Girman abin ya fito a gwajin PISA na 2012, gwajin ilimi da ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashen duniya da dama. A ƙasashen OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ke shirya gwajin, kashi 59 cikin ɗari sun ce sukan damu cewa darasin lissafi zai yi musu wuya. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila daga baya suka gano cewa kashi 77 cikin ɗari na yaran da ke da matsanancin tsoron lissafi sakamakonsu matsakaici ne ko ma sama da haka.

A nan ne malamai masu tausayi da yawa suka ɓata hanya. Tunda yaro na jin tsoro, sai a rage masa aiki, a daina kiransa, a lallashe shi. Aneeta Rattan da Catherine Good da Carol Dweck sun gwada wannan a 2012. Malaman da suka ɗauka cewa iya lissafi baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita sukan yanke hukunci daga jarrabawa guda, su ce wa ɗalibi, "Kada ka damu, ai ba kowa ne aka yi don lissafi ba," su kuma rage masa aikin gida. Ɗaliban da aka yi wa wannan lallashi sun gane nan take cewa an cire rai da su, himmarsu ta ragu, su ma suka rage abin da suke tsammani daga kansu. A ganina wannan ya fi tsawa illa, domin da fara'a ake yin sa, ba wanda zai ce malam ya yi laifi.

Tun a 1990 Ray Hembree ya tattara bincike 151, ya ga cewa inda aka yi maganin tsoron kansa, ta hanyar saba wa ɗalibi da abin da yake gudu sannu a hankali da gyara abin da yake faɗa wa kansa, maki kan tashi. A aji wannan na nufin tambayar ta zauna da wuyarta, abin da ke kewaye da ita ne zai sauya: a ba kowa minti biyu ya yi tunani kafin a kira suna, a ɗauki amsar da ba daidai ba a bi ta mataki-mataki a kan allo ba tare da an ambaci mai ita ba, a yawaita ƙananan gwaje-gwajen da ba sa shiga sakamakon ƙarshen zango. Gerardo Ramirez da Beilock a 2011 sun sa ɗalibai su rubuta damuwarsu na minti 10 kafin jarrabawa, masu fargaba suka fi yin kyau, ko da yake ba duk waɗanda suka maimaita gwajin ba ne suka samu haka.

Inda har yanzu ake ja-in-ja shi ne gwajin sauri. Jo Boaler ta Jami'ar Stanford tana ganin sa wa yara agogo a ka na cikin abubuwan da ke shuka tsoron. Wasu masana kuma na cewa yaron da bai haddace jadawalin sau ba kullum kansa a cike yake, kuma faɗuwa a kai a kai ita ma tana haifar da tsoro. Yawancin masu bincike yanzu sun karkata ga cewa abin yana tafiya ta ɓangare biyu: tsoro na rage maki, raunin tushe na ƙara tsoro.