Waiwaye: Yadda Azurfar Musulmi Ta Ciyar da Ƙarfin Mutanen Viking

A shekarar 1999 aka tono wata taska a gonar Spillings da ke tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, azurfa kimanin kilo 67, ciki har da tsabar kuɗi fiye da 14,000, waɗanda mafi yawansu dirhami ne da aka buga a ƙasashen Musulunci, da rubutun Larabci a jikinsu. Hanyar da kuɗin nan suka bi har suka kai wannan lungu na arewacin Turai ita ce kashin bayan tarihin mutanen Viking, wato mahara da 'yan kasuwa masu jiragen ruwa daga Suwidin da Norway da Danmak.

Malaman tarihi sukan fara ƙirga zamaninsu daga 793, lokacin da suka afka wa gidan ibadar Kirista na Lindisfarne a gaɓar Ingila. Jiragensu dogaye ne marasa nitsewa sosai cikin ruwa, don haka sukan tsallaka teku su kutsa koguna, su dira a gari kafin a ankara. A 844 sun kai har Ishbiliya ta Andalus (birnin Seville na Sifen a yau), inda Larabawa suka kira su Majusawa, sai da rundunar sarkin Andalus, Abdurrahman na biyu, ta fatattake su. Shekara guda bayan haka suka shiga Paris, sarkin ƙasar, Charles, ya biya su azurfa mai nauyin fam 7,000 kafin su janye.

Amma ciniki mafi tsoka yana gabas. Waɗanda suka fito daga Suwidin, da aka sani da Rus, sun bi kogin Volga na Rasha ta yau da fatun dabbobi da takubba da bayi, suna komowa da dirhami. Ahmad ibn Fadlan, jakadan Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya gamu da su a can a 922, ya kuma rubuta abin da ya gani da idonsa. A gida ba ƙirga dirhamin suke yi ba, ɗan ma'auni ɗan kasuwa yake fitarwa, a yanyanka tsabar gunduwa-gunduwa a auna nauyinta. Da wannan azurfa shugaba yake tara mayaƙa, ya ƙera jirgi. Abin da bai kamata a rufe ido a kansa ba shi ne, kaso mai yawa na dukiyar nan farashin mutane ne da aka raba da iyalansu.

Da kwararar dirhami ta ragu a ƙarshen ƙarni na 10, hare-hare suka sake tsananta a kan Ingila, kuma masana da dama suna ganin abubuwan biyu suna da alaƙa. A 991 Ingila ta biya azurfa mai nauyin fam 10,000 don a ƙyale ta, a 1016 kuwa Knut ɗan Danmak ya hau gadon sarautarta. Yunƙuri babba na ƙarshe ya zo a 1066, lokacin da aka kashe sarkin Norway, Harald Hardrada, a yaƙin Stamford Bridge da ke Ingila.