"Dijital" ba ya nufin babu kuskure

Kwanakin nan ko tallan sabulu za a yi sai an ce "dijital". Ɗan siyasa ya ce tattalin arzikin dijital, mai gabatarwa a rediyo ya ce sun koma dijital don haka "babu sauran ɓata sauti". Wannan ta ƙarshen ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Saƙon dijital yana lalacewa a hanya kullum: tsawa, ruwan sama, gini ya tare siginar, mota ta shiga ƙarƙashin gada. Abin da ke rufa masa asiri wata dabara ce da injiniyoyi ke kira intalibin, ni kuwa tsarmi nake ce mata.

Matsalar ita ce kuskure ba ya zuwa ɗai-ɗai. Zuwa yake a dunƙule, kamar gara ta cinye layi guda na wasiƙa. Ɗauki kalmomi huɗu: KANO, DAJI, RUWA, GERO. In aka aika su a jere, tsawa ta share haruffa huɗu, na biyar zuwa na takwas, DAJI ta tafi ke nan, babu mai dawo da ita. Amma a fara aika harafin farko na kowace kalma, sannan na biyu, haka har ƙarshe: KDRG, AAUE, NJWR, OIAO. Tsawar ta sake cinye huɗu, wato AAUE. Mai karɓa ya mayar da kowane harafi gidansa, sai ya ga K_NO, D_JI, R_WA, G_RO. Ɓarnar ba ta ragu ba ko kaɗan, raba ta aka yi, kowa ya ɗauki abin da zai iya.

To G_RO fa, gero ne ko goro? Nan ne mutane ke ruɗewa. Tsarmi shi kaɗai ba ya gyara komai. Ana haɗa shi ne da ƙarin alamomi na lissafi da ake liƙa wa saƙon, irin lambobin da Irving Reed da Gustave Solomon suka fito da su a 1960. Su ne ke cewa gero ne, muddin giɓin bai yi yawa ba, shi kuma tsarmi aikinsa ya hana giɓin taruwa wuri ɗaya.

Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 da wannan haɗin yake aiki, shi ya sa ƙarzar da ta kai kusan milimita 2 da rabi a kan layin da aka naɗi waƙar ba ta hana waƙa fita. Shi ya sa kuma ake goge faifai daga tsakiya zuwa baki, don ƙarzar da ta bi zagaye ita ce ke cin layi mai tsawo. Wayar GSM da ta shigo Najeriya a 2001 ma haka: kowane kashi ɗaya cikin 50 na sakan na muryarka ana mayar da shi bit 456 (bit shi ne 0 ko 1, harafin saƙon dijital), a tsarma su cikin gutsattsarin aike 8.

Kuɗin da ake biya shi ne jinkiri, don dole mai karɓa ya jira gutsattsarin su taru kafin ya jera su. Kuma dabarar tana da iyaka. Tsohuwar talabijin in hadari ya haɗo sai hoto ya yi yayyafi amma kana ganin ƙwallonka. Ta dijital kuwa tas za ta nuna maka, har ɓarnar ta fi ƙarfin lissafin, sai fuskar ɗan wasa ta farfashe murabba'i-murabba'i, hoton ya tsaya cak, ana dab da buga fanareti.